Furotin RET da sankarar tayirod

RET furotin ne mai karɓar saƙo da ke ratsa fatar ƙwayar jiki: kansa a waje, jelarsa a ciki. Ƙwayar gadon da ke samar da shi tana kan kuromosom na 10, kuma Masahide Takahashi da abokan aikinsa ne suka gano ta a 1985. A tayirod, gaɓar nan da ke gaban maƙogwaro, ƙwayoyin C masu fitar da sinadarin kalsitonin su ne ke da RET tun asali.

A jikin mai lafiya, RET guda ɗaya ba ya iya komai. Sai sinadarin GDNF ko danginsa ya kama furotin mataimaki GFRα, su jawo RET biyu su haɗu. Da sun haɗu, jelar kowanne ta liƙa fosfet a kan amino asid tayirosin na ɗan'uwansa. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne tayirosin na 1062: nan furotin SHC ke sauka ya jawo GRB2, su kunna jerin wasu furotin: RAS, shi ya kunna RAF, sai MEK, sai ERK. ERK ya shiga cibiyar ƙwaya ya sa a ƙera furotin saikilin D1, wanda ke tura ƙwayar ta kwafi DNA ɗinta ta rabu biyu. Daga wannan wurin dai ake kunna PI3K da AKT, masu hana ƙwaya mutuwa.

Abin da sankara ke yi shi ne kauce wa wancan sharaɗi na jiran saƙo. A cutar gado MEN2A, wadda ke jawo sankarar ƙwayoyin C, amino asid sistin na 634 ne galibi ke canjawa. Sistin kan riƙe juna biyu-biyu a cikin RET ɗaya, don haka abokinsa da ya rasa wanda zai riƙe sai ya ƙulla da sistin na wani RET, su manne har abada, kamar makunnin lantarkin da ya maƙale a kunne. A 'yar'uwarta MEN2B, canjin M918T (wato na amino asid na 918) yana cikin jelar kanta, ya sa ta aiki ko da haɗuwa ko babu, shi ya sa cutar ta fi tsanani. Bambancin ba na takarda ba ne kawai: jagororin likitocin tayirod na Amurka sun ce a cire tayirod ɗin jaririn da ya gaji M918T cikin shekararsa ta farko, mai canjin 634 kuwa yana shekara 5 ko kafin haka.

Sankarar papilari, wani nau'in sankarar tayirod, hanyarta dabam ce, domin ƙwayoyin da take fitowa daga gare su ba sa amfani da RET. Kuromosom ne ke karyewa, ɓangaren ƙwayar gadon RET mai samar da jela ya haɗe da wata ƙwayar gado irin su CCDC6 ko NCOA4. Baƙon ɓangaren shi ke sa a ƙera furotin ɗin, shi kuma ke manna biyu-biyu. An ga irin wannan da yawa a yaran da burbushin nukiliya ya shafa bayan hatsarin Chernobyl na 1986.

Magungunan da ake da su suna toshe ramin da ATP, sinadarin da ke ba da fosfet ɗin, ke shiga a jelar. A Amurka an amince da vandetanib a 2011 da cabozantinib a 2012, amma suna taɓa wasu furotin kamar VEGFR, abin da ke jawo hawan jini da gudawa, kuma canjin V804M a RET na hana su kamawa. Selpercatinib da pralsetinib na 2020 sun fi takamaimai, sun tsallake V804M. Su ma ƙari kan kuɓuce musu idan amino asid gilaisin na 810 ya canja, ya tare bakin ramin.