Waiwaye: Yadda aka rufe babin Windows 10 aka bar tsofaffin kwamfutoci a waje

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi, babu takardar da ta ɓace, firinta ma ta ci gaba da aikinta. Wannan ne ya sa da yawan mutane ko a jikinsu. Abin da ya tsaya ba a ganinsa da ido: gyare-gyaren tsaro ne da kamfanin ya saba turowa a Talata ta biyu ta kowane wata, waɗanda ke toshe kafofin da masu kutse suka gano. Kamar gida ne da maigadinsa ya ajiye aiki. Katanga na nan, ƙofa na nan, amma duk inda ya tsage daga yanzu haka zai zauna, kuma ɓarayi sun san da maganar.

Ba yau aka fara ba. Tsarin da Microsoft ya daɗe a kai shi ne ya kula da kowace babbar manhaja na kimanin shekara 10, daga nan ya sallame ta. Karon farko da wannan tsari ya girgiza duniya shi ne lokacin Windows XP. Ta fito a Oktoban 2001, ta shiga ran jama'a, kuma magajiyarta Vista da ta zo a 2007 ta yi wa kwamfutocin lokacin nauyi, mutane suka ƙi ta. Dole kamfanin ya yi ta ɗaga wa'adi, har sai 8 ga Afrilun 2014 sannan aka rufe babin XP. Ko a ranar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kwamfutocin tebur a duniya a kanta suke, haka galibin na'urorin cirar kuɗi na bankuna. Gwamnatin Birtaniya sai da ta biya fam miliyan 5.5 don a ƙara mata shekara guda ta kulawa.

Shekara uku bayan haka aka ga abin da ake gudu. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin kwana ɗaya, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, dala 300 a kan kowace kwamfuta. Ta kama sama da kwamfutoci 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta durƙusar da asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita na dubban marasa lafiya, wasu motocin ɗaukar majinyata aka karkatar da su zuwa wasu asibitoci. Abin ya kai Microsoft ya karya dokarsa, ya fitar da gyaran gaggawa ga XP da ya riga ya sallama. Akwai wani ɓangare na labarin da ake yawan mantawa: mafi yawan kwamfutocin da abin ya ci Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin ana kula da ita, kuma tun watan Maris aka fitar da maganin kafar. Masu su ne ba su ɗora ba. Wanda ya kashe sabuntawa don tattalin data, da wanda aka daina turo masa gaba ɗaya, a gaban masu kutse matsayinsu ɗaya.

Windows 7 ta yi nata bankwanan a 14 ga Janairun 2020, ba tare da hayaniya mai yawa ba, kuma akwai dalili. Tun da Windows 10 ta fito a 29 ga Yulin 2015 aka buɗe wa masu Windows 7 da 8.1 ƙofar hawa kanta kyauta, kuma abin da take buƙata bai wuce abin da waɗancan ke buƙata ba sosai. Kwamfutar 2010 na iya ɗaukarta, ko da tana ɗan ja da ƙafa. A shekarar ce ma wani ma'aikacin kamfanin, Jerry Nixon, ya ce a wani taro Windows 10 ce Windows ta ƙarshe, wato daga nan sai dai a yi ta sabunta ta. Jama'a suka riƙe maganar.

Shekara shida kacal maganar ta yi. A Yunin 2021 aka sanar da Windows 11, ta fito a 5 ga Oktoba, kuma a nan ne lissafin ya canza gaba ɗaya. A da, idan manhaja ta tsufa, sabuwa ake ɗorawa a kan kwamfutar da ake da ita. Wannan karon kwamfutar kanta aka yi wa iyaka. Sharuɗɗan RAM gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64 ba su dami kowa ba. Biyu ne suka yi ɓarna: sai kwamfuta tana da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, mai adana mabuɗan sirri, sannan sai ƙwaƙwalwarta, wato processor, ta kasance daga zubi na 8 na kamfanin Intel zuwa sama, ko Ryzen 2000 na kamfanin AMD zuwa sama. Zubi na 8 kuwa a ƙarshen 2017 ya fara shiga kasuwa. Ke nan wanda ya sayi sabuwar kwamfuta dal a farkon 2017, shekara huɗu bayan haka aka sanar da shi cewa tasa ba ta cikin lissafi.

Hujjar Microsoft ita ce tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce. Masu kutse na yau sun wuce na zamanin XP, kuma kariyar da aka gina a jikin na'ura ta fi wadda ke cikin manhaja kaɗai ƙarfi. Amma ni dai ban gamsu cewa wannan ya isa dalilin yanke wa na'ura mai lafiya hukunci ba. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel i5 zubi na 6 ko na 7 tana buɗe intanet, tana aikin ofis, tana zane, har gobe. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya komawa shara saboda wannan mataki. Kuma duk da matsin da aka yi ta yi wa mutane da saƙonni masu cika allo, sai a tsakiyar 2025 Windows 11 ta zarce Windows 10 a yawan masu amfani, bisa alƙaluman StatCounter.

Ƙorafi ya yi yawa, ƙungiyoyin kare masu saye a Amurka da Turai suka taso, sai kamfanin ya ɗan sassauta. A karon farko ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin wa'adin tsaro, wanda a zamanin Windows 7 kamfanoni kaɗai ake sayar wa. Shekara guda ce, zuwa 13 ga Oktoban 2026. Mutum zai biya dala 30, ko ya bayar da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ya samu kyauta idan ya yarda ya haɗa saitunan kwamfutarsa da asusun Microsoft. A ƙasashen Tarayyar Turai da wasu maƙwabtanta an cire sharaɗin haɗa saitunan bayan matsin ƙungiyar Euroconsumers. Kamfanoni kuwa dala 61 ce kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin na ninkawa duk shekara, iyakarsa shekara uku. Wannan jinkiri ne kawai, amma duk mai Windows 10 ta gaskiya da ke shiga asusun banki ko imel da ita, bai kamata ya bar shi ya wuce ba.

Kafin a yanke ƙauna da kwamfuta, akwai abin dubawa. Da yawa suna da TPM ɗin, a kashe kawai yake a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Mai gyara zai kunna shi cikin minti biyar. Ga waɗanda ba su cika sharaɗin ba kuwa, sanannen abu ne ana tsallake shingen da manhajoji irin su Rufus a ɗora Windows 11 da ƙarfi, kuma sau da yawa tana aiki lafiya lau. Sai dai kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alhakin irin waɗannan ba, bai kuma yi alƙawarin ci gaba da turo musu gyara ba. Fitowar Windows 11 ta 2024 mai lamba 24H2 ma ta ƙi tashi sam a kan wasu ƙwaƙwalen da suka tsufa sosai.

Hanyar da ta fi tsawon rai ita ce a bar Windows ɗin baki ɗaya. Linux, wata babbar manhaja da za a iya ɗorawa a madadin Windows, ta samo asali ne a 1991, daga hannun Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, kuma kyauta ce, kowa na iya dubawa ya gyara. Ta daɗe da suna a matsayin ta ƙwararru, har sai da Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da wani nau'inta mai suna Ubuntu a 2004 da niyyar sauƙaƙa ta ga kowa. Yau wanda ya saba da Windows idan aka zaunar da shi gaban Linux Mint, wani nau'in Linux ɗin, zai ga maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa inda ya saba, ga Firefox, ga LibreOffice mai buɗe fayilolin Word da Excel, har da tsarin madannai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Fitowar Mint ta 22 za a kula da ita har 2029. Abin da na fi so game da ita shi ne ana iya gwada ta daga filash ba tare da an taɓa komai a cikin kwamfutar ba: a kunna, a ga ko firinta ta amsa, ko sauti na fita, ko intanet ta kama, sannan a yanke shawara. Akwai kuma ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022, mai sauƙi ƙwarai, amma kusan duk aikinta a intanet yake, don haka ba ta dace da wanda ke auna data ba.

Kada a ɗauka Linux maganin komai ce. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda masu zanen katin biki da kalanda ke ci da su, ba a yi su don ita ba, kuma madadinsu irin Inkscape da GIMP sai an sake koyo. Takardar Word mai tebura da ado da yawa wani lokaci takan hargitse a LibreOffice. Birnin Munich na Jamus ya kwashe shekaru yana mayar da dubban kwamfutocinsa kan Linux, a 2017 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows. A ɗaya gefen kuma jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta sanar a 2024 cewa za ta kwashe kwamfutoci kusan 30,000 daga manhajojin Microsoft. Ita ma Linux tana sallamar tsofaffi, sai dai ta fi haƙuri: Ubuntu ta daina fitar da ta kwamfutocin 32-bit tun 2017, Debian, wani nau'in Linux ɗin, ta bi sahu a fitowarta ta 13 a Agustan 2025. Waɗannan na'urori ne da galibinsu sun haura shekara 15. Apple ma ya sanar cewa babbar manhajarsa macOS 26 ce ta ƙarshe ga kwamfutocinsa masu ƙwaƙwalwar Intel.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne kasuwar gwanjo. Mafi yawan kwamfutocin tebur da ke shagunan buga takardu, da makarantun koyon kwamfuta, da cibiyoyin jarrabawa, tokumbo ne: ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka biyo jirgin ruwa zuwa Legas, daga Computer Village ta Ikeja suka hauro har titin Beirut a Kano. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranta a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kayan lantarki na hannu kimanin tan 60,000 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa ma aiki, duk da yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 da aka yi don hana jibge wa ƙasashe matalauta shara mai guba. Waɗanda suka mutu kuwa an san makomarsu, an ga yadda matasa, da yawansu daga arewacin Ghana, suka yi ta ƙona wayoyin lantarki don ciro tagulla a Agbogbloshie ta Accra kafin a rushe wurin a 2021. Yanzu da manyan ofisoshi ke sauke duk kwamfutar da ba ta ɗaukar Windows 11, ba sai an yi duba ba kafin a san inda kaso mai yawa zai nufa.

Wannan ba sharri ba ne zalla. Na'urori masu ƙarfi za su yi araha, kuma makarantar da ke koya wa yara buga rubutu da lissafin tebur za ta iya cika ɗaki da su a kan Linux ta more su shekaru. Mai shagon da CorelDRAW ce abincinsa zai iya barin Windows 10 ɗinsa, ya cire kwamfutar daga intanet, ya riƙa kula da filashin da kwastomomi ke kawowa, ya mayar da harkar banki kan waya. Abin da ke damuna shi ne a sayar wa mutum kwamfuta da kuɗin sabuwar zamani don kawai ya ga Windows 11 a allo, alhali da ƙarfi aka ɗora ta, ko kuma a miƙa masa kwafin bogi da aka kashe wa sabuntawa tun daga shago.

Mai saye na iya kare kansa da abu ɗaya. Ya sa a buɗe masa bayanan kwamfutar ya karanta lambar ƙwaƙwalwarta da idonsa, kada ya tsaya ga "ai Core i7 ce" da mai shago zai faɗa. Lambar da ke bin bayan layin ita ce zubin: i7-4770 zubi na 4 ce, i5-6500 na 6, dukansu ba sa cikin jerin Windows 11, amma i3-8100 da ake rainawa tana ciki. Idan zubin ya gaza 8, sai a yi ciniki a kan haka, a kuma tambayi mai gyara tun a wurin ko ya iya ɗora Linux.