Kamun ƙafa don kuɗin lafiyar tsofaffin malamai a jihar Texas

A jihar Texas ta Amurka, malaman makarantun gwamnati da suka yi ritaya suna samun inshorar lafiya ta wani tsari mai suna TRS-Care, wanda majalisar dokokin jihar ta kafa a 1985. Hukumar fanshon malamai ta jihar ce ke tafiyar da shi. Ƙungiyar da ta fi tsayawa wajen nema masa kuɗi ita ce TRTA, ƙungiyar malaman Texas 'yan fansho, wadda aka kafa a 1953.

Tushen matsalar ƙarancin kuɗi a TRS-Care yana cikin yadda aka tsara shigar kuɗin. Doka ta ɗaura shi a kan albashin malaman da ke bakin aiki: jiha na zuba kashi 1.25 cikin ɗari, hukumomin makarantu kashi 0.75, malamai kuma ana cire musu kashi 0.65. Sauran yana fitowa daga abin da 'yan fansho ke biya duk wata. Kuɗin asibiti da magani kuwa sun fi albashi saurin tashi, don haka giɓi ya riƙa dawowa. Waɗanda suka ajiye aiki kafin su kai shekara 65 su ne suka fi yi wa asusun nauyi, domin Medicare, inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi, ba ta fara ɗaukarsu ba tukuna.

Lokaci shi ne ginshiƙin aikin kamun ƙafa. Majalisar Texas na zama ne sau ɗaya a shekara biyu, daga Janairu, tsawon kwana 140, kuma kasafin kuɗinta na shekara biyu ne. Abin da ya wuce ka a zama ɗaya, sai ka jira na gaba. Shi ya sa masu sanin harkar ke fara ganin wakilai a mazaɓunsu tun kafin a buɗe zama a Austin, babban birnin jihar. Ana rufe karɓar yawancin ƙudurori a rana ta 60. Daga nan batun kuɗi yana bi ta kwamitin kasafi na majalisar wakilai mai kujeru 150 da kwamitin kuɗi na majalisar dattawa mai kujeru 31, sannan kwamitin sulhu na mutum goma, biyar daga kowane ɓangare, ya daidaita alƙaluman ƙarshe. A wannan mataki ne alkawari da yawa ke zubewa.

Mai ba da bahasi a gaban kwamiti minti biyu ko uku yake samu. Abin da ke tasiri shi ne adadi takamaimai: fanshona kaza ne, inshora na cin kaza. Wasiƙa iri ɗaya da dubban mutane suka kwafa ba ta kai kiran waya daga mai zaɓe na mazaɓar ɗan majalisar ba.

Shekarar 2017 ta nuna iyakar wannan aiki. An yi hasashen giɓin kusan dala biliyan 1. Majalisa ta zartar da dokar HB 3976, ta ɗaga kason jiha daga kashi 1 zuwa 1.25 da na makarantu daga 0.55 zuwa 0.75, amma ta ɗora wa 'yan fansho nauyi mai yawa. Koke ya yi ƙarfi har aka ƙara dala miliyan 212 a zama na musamman da Gwamna Greg Abbott ya kira, abin da ya sauko da kuɗin da mara lafiya ke fara biya daga aljihunsa daga dala 3,000 zuwa 1,500. Duk da haka dubban mutane sun fice daga tsarin a 2018, musamman masu biya wa mata ko miji.

Bambancin da ya kamata mai kamun ƙafa ya riƙe shi ne tsakanin tallafin lokaci ɗaya, kamar dala miliyan 768 na 2015, da sauya kason da doka ta tanada. 'Yan majalisa sun fi son na farko domin bai ɗaure kasafin gaba ba, amma da zarar ya ƙare sai tsofaffin malaman su sake komawa Austin da buƙatar da suka kai a baya.