Hoga, ƙaramin jirgin ja da ya shiga wutar Pearl Harbor

Mene ne aikin jirgin ja a tashar sojojin ruwa?

Babban jirgin yaƙi ba ya iya juyawa da kansa a wuri mai ƙunci. Sai ƙaramin jirgi mai ƙarfin inji ya ja shi da igiya, ko ya tura shi da goshi har ya jingina a gaɓa. Irin wannan ne Hoga na sojojin ruwan Amurka. Tsawonsa ƙafa 100 kacal. An ƙera shi a New York, aka sa shi a ruwa ranar 31 ga Disamba 1940, ya fara aiki a Mayun 1941, aka tura shi tashar sojojin ruwa ta Pearl Harbor a Hawaii.

To me ya sa ake tunawa da shi?

Saboda safiyar 7 ga Disamba 1941, da jiragen saman Japan suka afka wa tashar. Cikin 'yan mintuna Hoga ya tashi, ya nufi inda wuta ke ci. Ya janye jirgin gyara Vestal daga gefen babban jirgin yaƙi Arizona, wanda ke ci bal-bal, ya kuma kai wa wani jirgin soja mai suna Oglala ɗauki.

Amma babban aikinsa a kan jirgin yaƙi Nevada ne. Wannan ƙaton jirgin ya yunƙura zai fita teku, bama-bamai suka yi masa rauni. Da ya nutse a tsakiyar mashigar, da ya toshe ƙofar tashar baki ɗaya, ba shiga ba fita. Hoga da wani jirgin ja suka manna goshinsu a jikinsa, suka tura shi har ya zauna a ruwa marar zurfi, nesa da hanya, ma'aikatan Hoga kuwa suna ta feshin ruwa a kan wutar da ke samansa. A ganina, wannan turin shi ne ya fi komai muhimmanci a duk tarihinsa. Ma'aikatan Hoga sun ci gaba da kashe gobara a jirage daban-daban har kusan kwana uku ba hutu. Daga baya Admiral Nimitz, babban kwamandan sojojin ruwan Amurka a tekun Pasifik, ya yaba wa shugaban Hoga, Joseph McManus.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fa?

A 1948 aka ba birnin Oakland na Kalifoniya aronsa, ya zama jirgin kashe gobara fiye da shekara 40. A 1989 aka sa shi cikin wuraren tarihin ƙasa.

Yana nan har yanzu?

Yana nan. Bayan shekaru a ajiye, ya isa gidan tarihi na North Little Rock a jihar Arkansas a 2015. Kusa da shi akwai jirgin ƙarƙashin ruwa Razorback, wanda ke Tekun Tokyo ranar da Japan ta miƙa wuya a 1945.