Rimek: fim ɗin da aka sake ɗauka, da yadda 'yan kulob ɗin kallo ke karɓarsa

A bakin masu harkar fim, rimek shi ne a ɗauko labarin fim ɗin da ya riga ya fita, a sake rubuta shi, a sake ɗaukarsa da wasu 'yan wasa, sau da yawa a wata ƙasa kuma da wani harshe. Ya bambanta da fassara, inda hoton ke nan yadda yake, sai dai a ɗora murya ko a sa rubutu a ƙasan allo. Mai kallon finafinan Kano zai ce ai wannan ita ce wankiya. Sun yi kama, amma rimek da izini ake yinsa: ana biyan kuɗin haƙƙin labari, a rattaba hannu a yarjejeniya, a kuma rubuta sunan fim na asali a jerin sunaye.

Faransa na cikin ƙasashen da aka fi sayen labaransu, musamman finafinai masu faranta rai, waɗanda ake dariya a tsakiya, a share hawaye a ƙarshe, a fito da sanyin zuciya. Misali mafi bayyana shi ne La Famille Bélier na 2014, wanda Éric Lartigau ya ba da umarni. Labarin wata budurwa ce mai ji a gidan da uwa da uba da ƙane duk kurame ne. Ita ce tafintarsu a kasuwa da asibiti, sai malamin makaranta ya gano tana da muryar waƙa. Fiye da mutum miliyan 7 suka kalle shi a gidajen silima na Faransa. A 2021 aka sake shi a Amurka da sunan CODA, a hannun Sian Heder, kuma Philippe Rousselet da ya shirya na Faransa yana cikin waɗanda suka shirya wannan. Gonar shanu da sayar da cuku suka koma kwale-kwalen kamun kifi a garin Gloucester na jihar Massachusetts. Gwajin waƙa a gidan rediyon Faransa da ke Paris ya koma makarantar kiɗa ta Berklee a Boston. A 2022 CODA ya ci Oscar uku, ciki har da ta gwarzon fim, da ta rubutun da aka samo daga wani aiki, domin a wannan rukunin ake sa kowane rimek.

Kulob ɗin kallo kuwa tsohuwar al'ada ce a Faransa tun shekarun 1920, kuma zamansa kashi uku ne: ɗan gabatarwa na minti 5 zuwa 10, sai kallo, sai muhawara. A muhawarar ne rimek ke raba ɗaki gida biyu. Wanda bai taɓa ganin na asali ba yana auna fim ɗin da abin da ya ji a ransa. Wanda ya gani yana zaune ne da sikeli, yana jiran kowace fitowa ya ga ko ta kai ta farko. Idan mai jagorantar zama bai fara da tambayar su wa suka ga na asali ba, sai masu kwatance su cinye lokacin, sauran su yi shiru kamar sun yi laifi da fim ɗin ya burge su.

Tambayar da ke fito da magana mai amfani ita ce: me aka canja, kuma me canjin ya jawo? A na Faransa, Karin Viard da François Damiens, waɗanda suka fito a iyaye, masu ji ne da suka koyi maganar hannu don fim ɗin, kuma kurame da dama sun koka a kan hakan. A CODA, Marlee Matlin da Troy Kotsur da Daniel Durant duk kurame ne, har Kotsur ya ci Oscar ta mataimakin jarumi. Ko wanda bai iya maganar hannu ba yana ganin bambancin a saurin yatsu da motsin fuska, a yadda uban ke zolaya ba tare da ya tsaya neman alama ba. Wannan ne wurin da rimek ya gyara wa na asali zama. Akwai kuma abin da ya rasa. Waƙar da yarinyar ta rera a ƙarshen na Faransa ta Michel Sardou ce, wadda Bafaranshe ya tashi yana jinta a gida, kuma maganarta ta ɗa ne da ke barin iyayensa. Wannan nauyin ba ya shiga yarjejeniyar sayen labari.

Intouchables na 2011, labarin attajiri mai shanyewar jiki da matashin da ke kula da shi, ya bi wata hanya. Sama da mutum miliyan 19 suka kalle shi a Faransa, Omar Sy da ya fito a matashin kuma ya ci César, babbar kyautar finafinan Faransa, ta gwarzon jarumi. An sake shi a Indiya da Ajantina a 2016, sannan a Amurka da sunan The Upside, da Bryan Cranston da Kevin Hart. Masu sharhi ba su yaba wa The Upside sosai ba, amma ya tara fiye da dala miliyan 100 a Amurka. Irin wannan rabuwar ce ake gani a kulob: dariya ta cika ɗaki lokacin kallo, da aka kunna fitila sai suka ta fara. Mai jagora ya riƙe duka biyun, domin dariyar ma martani ce.

Wajen shiryawa akwai kurakuran da ake yawan yi. Kowane ɗaya daga finafinan nan ya kusa awa biyu ko ya ɗan wuce, don haka haɗa na asali da rimek a dare ɗaya kusan awa huɗu ne, kuma na biyun ke shan hukuncin gajiya. Gara a raba su mako guda tsakani, ko a nuna rimek ɗin cikakke sannan a kawo fitowa biyu ko uku daga na asali, kowace ba ta wuce minti 5 ba. Wanda aka fara nunawa shi ke zama ma'auni, saboda haka idan ana son jin ra'ayi tsantsa a kan rimek, shi za a sa a gaba. A gwada rubutun ƙasan allo tun kafin mutane su zo, domin wani kwafin yana fassara maganar baki kawai ya bar ta hannu, kuma a CODA hakan ya isa ya ɓatar da yawancin hirar cikin gida.

A duka La Famille Bélier da CODA akwai wurin da yarinyar ke waƙa a dandalin makaranta sai sauti ya ɗauke gaba ɗaya, don mai kallo ya zauna a matsayin iyayenta, yana karanta fuskokin jama'a. A sanar da mai kula da na'ura tun farko, in ba haka ba zai zaci lasifika ce ta mutu ya tsayar da fim yana laluben waya. Su kuwa masu kallo kada a gaya musu komai a gabatarwa, kuma da wannan fitowar ya fi kyau a buɗe muhawara.