Gwaggo ta rasu, wai sai ga wani yana tambaya 'yar wace jiha ce

Ranar da aka yi jana'izar Gwaggo muna zaune a ƙofar gida ana amsar gaisuwa, wani saurayi da ya rako abokinsa ya jiyo matan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, suna waƙa daga cikin gida, sai ya matso ya ce mani "ashe Kirista ce, to 'yar wace jiha ce, Filato ko Kudancin Kaduna?" Wallahi abin ya tsaya mani a rai. Matar da aka haifa a ƙasar Katsina, ta yi aure a Katsina, ta haura shekara 80 ba ta da wani yare sai Hausa, Hausar ma irin ta tsofaffinmu wadda yaran yanzu sai sun ce a maimaita masu.

Ni Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, kuma duk unguwa Gwaggo muke ce mata, manya da yara. Shi ya sa na ce bari in ɗan koma baya, don yaran da suka taso yanzu da yawa ba su san daga inda Kiristocin Hausawa suka fito ba.

Lokacin da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903 sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka aka daɗe ana hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi su yi wa'azi. Su CMS, mishan ɗin cocin Anglikan, da ɗan mishan ɗinsu Dakta Miller sun samu zama a Zariya, daga baya suka koma Wusasa a 1929, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Amma nan Katsina ƙofar da ta buɗe masu ita ce ta jinya. A shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, can hanyar Batsari, kamar yadda ta karɓa a Kano da Sakkwato. Wancan lokacin allurar wani mai ake yi wa majinyata, mai zafin gaske, mutum ya shekara da shekaru ana yi mashi, sai wajen ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapsone ta shigo aka fara ganin sauƙi na sosai. To wanda ya zauna wuri shekara biyar ko shida, danginsa sun guje shi, ga masu wanke mashi miki kullum safiya ga kuma ajin koyon karatun boko, ai ba abin mamaki ba ne wasu su bi addinin masu jinyarsu. Da yawa sun warke sun koma gida da Musuluncinsu, wasu kuma sun fito Kiristoci.

Baban Gwaggo yana cikin waɗannan na biyun. Bamaguje ne daga yankin Malumfashi, manomi, cutar ta kai shi can, ta ci mashi yatsu uku kafin ta tsaya. Ta sha ba mu labarin yadda yake ɗaura fartanya a hannu da tsumma ya yi noma, wai ita ce mai ɗaure mashi da asuba tun tana 'yar shekara bakwai, in ta ɗaure da sako-sako ya ce "ke 'yar nan, ƙara ja, hannun ba ya jin zafi." Duk lokacin da ta zo nan a labarin sai ta yi shiru ta gyara ɗankwali.

Ɗaya hanyar kuma ita ce ƙauyukan Maguzawa na kudancin Katsina, su Malumfashi da Ƙafur da kewaye, inda masu bishara Hausawa suka riƙa shiga, har yau can ne Kiristocin Hausawa suka fi yawa a jihar. A 1954 majami'un SIM suka zama ECWA. Katolika ma sun kafu, har a 2023 Fafaroma Francis ya ba Katsina dayosis nata, wato yanki mai bishop ɗin kansa, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe.

Ba wai zaman ya tafi sumul ba ne, ƙarya ne in na ce haka. A watan Maris na 1987 da rikicin Kafanchan ya watsu, an ƙona coci-coci a Funtuwa da cikin Katsina. Ina yaro lokacin amma ban manta ba, Gwaggo da 'ya'yanta huɗu a ɗakin innarmu suka kwana uku, babanmu ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ce duk mai son shiga sai dai ya taka shi. Ba ta taɓa tada zancen nan ba sai sau ɗaya, ranar da babanmu ya rasu, ta shigo ta zauna kusa da inna ta ce "Yaya, yau garkuwata ta faɗi."

Tsakanin haka kuma rayuwa ce kawai irin ta maƙwabta. Da azumi ita ke fara aiko mana kunun tsamiya, da layya mu kai mata cinya, da Kirsimeti kuwa sai ta kira malamin unguwa ya yanka mata kajin don kowa ya ci shinkafarta hankali kwance. Haihuwa nawa ta karɓa a unguwar nan kafin a saba da zuwa asibiti, har da ni mai wannan rubutu. Abin da ke damuna yanzu unguwanni sun rabu, Kirista ya koma can gefe ɗaya Musulmi gefe ɗaya, yaro ya girma bai taɓa cin tuwon gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, to ta ina zai san akwai irin su Gwaggo?

Saurayin nan dai na ce mashi Bakatsiniya ce gaba da baya, ya ce "ikon Allah" ya yi shiru. Da la'asar babbar 'yarta ta fito da Littafi Mai Tsarkin Gwaggo, bangon ya mutu an naɗe shi da ƙyallen atamfa, ta buɗe shafin farko inda Gwaggo ke rubuta ranakun haihuwar 'ya'yanta da fensir. A ƙasan sunayen nasu huɗu akwai na biyar, nawa ne, da shekarar da ta yanke mani cibiya.