Ba gwamnatin tarayya ke ba likitocin Amurka lasisi ba

An daɗe ana ɗauka cewa daga Washington lasisin likitan Amurka ke fitowa. Duba takardar da ke rataye a bangon ofishinsa, sunan jiha za ka gani. Kowace jiha da hukumarta mai ba likitoci lasisi, kuma tun 1889 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihohi wannan iko a shari'ar Dent da West Virginia. Likitan Texas da ya koma California sai ya nemi lasisin can.

Abin da ya fi damuna shi ne iyalan da ke kai ƙorafi ga wannan hukuma suna jiran diyya. Aikinta bincike ne, ta ja wa likita kunne, ta dakatar da shi ko ta ƙwace lasisinsa. Neman diyya kuwa, sai an je kotu.