Masu gudun asuba, ku dakata kafin ku sayi wata kwalbar bitamin

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a wajen Ƙofar Mata ko titin BUK ya san su. Gari bai gama wayewa ba sai ka ji takun takalma a kan kwalta, samari biyu-biyu, uku-uku, wani lokaci har da dattijo mai furfura a cikinsu. Wasu na shirin gwajin shiga soja, wasu 'yan ƙwallon unguwa ne, wasu kuma burinsu gudun yada-ƙanin-wani irin wanda ake yi a Legas tun 2016, mai tsawon kilomita 42 da 'yan kai.

Kwanakin baya ɗaya daga cikin irin waɗannan samari ya shigo asibitin sha-ka-tafi da nake aiki, riƙe da baƙar leda. Cikinsa ke murɗawa, ga gudawa kwana huɗu. Na tambaye shi abin da ya ci, sai ya zazzage ledar a kan tebur. Ga bitamin C mai miligram 1000, irin wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa, ga kafso na bitamin E, ga wani gari a gwangwani wanda ko lambar NAFDAC babu a jikinsa.

"Wa ya rubuta maka waɗannan?"

"Ba kowa, likita. Kocinmu ne ya ce gudu yana sa jini tsatsa, in ba ka sha ba da wuri za ka tsufa."

Ni ba likita ba ne, jami'in lafiya ne, amma a wurin mutanenmu duk mai farar riga likita ne. Na ce nawa yake sha? Ya ce biyu da safe, ɗaya da dare. Miligram 3000 ke nan a rana, alhali iyakar da aka ɗiba wa baligi 2000 ce, kuma abin da jikin namiji ke buƙata bai wuce kamar 90 ba, na mace 75. Abincinsa kuwa shayi da burodi da safe, taliyar leda da dare.

Kocin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ku tuna maƙeri a gaban wutarsa: in ya ƙara zuga, wuta ta ƙara ci, tartsatsi kuma ya ƙara tashi. Haka tsokar mai gudu take. A cikin kowace ƙwayar tsoka akwai 'yan ƙananan murahu da ake kira maitokondiriya, nan ake ƙona abinci da iskar oksijin a samu ƙarfi. In mutum ya ɗauki dogon gudu, iskar da jikinsa ke ja takan ninka sau goma ko fiye, tartsatsin da ke fita a tsoka shi ma ya ƙaru. Wannan tartsatsi wasu sinadarai ne marasa zama lafiya, duk abin da suka taɓa, kitse ne ko furotin ko ƙwayar halitta, sai sun ɗan ƙona shi. Aiki iri ɗaya ne da wanda ke sa ƙarfe tsatsa, ko ya sa yalon da aka yanka ya yi baƙi in ya sha iska. Abin da ke kashe tartsatsin shi ake kira antioksidan, bitamin C da bitamin E kuma suna cikin irinsu. Matar da ta matsa lemun tsami a kan yankakken yalo don kada ya yi baƙi, antioksidan ta zuba, ko da ba ta san sunansa ba.

Inda kocin ya yi tuntuɓe shi ne da ya ɗauka tartsatsin nan ɓarna ce zalla. Jiki na da nasa masu kashe gobara, sinadaran da yake haɗawa da kansa, kuma tartsatsin atisaye shi ne saƙon da ke gaya masa ya ƙara su, ya kuma ƙara yawan murahun nan. Shi ya sa wanda ya yi wata shida yana gudu yake hawa Dutsen Dala bai yi haki ba, sabon shiga kuwa ya tsaya sau uku a hanya. In ka danne tartsatsin da ƙwayoyi masu ƙarfi kullum, saƙon ba ya isa yadda ya kamata.

An gwada wannan. A Jamus a 2009 an ba wasu samari miligram 1000 na bitamin C da kuma bitamin E mai yawa, suna atisaye na mako huɗu. Waɗanda ba a ba su ba, jikinsu ya ƙara iya sarrafa sukari, ya kuma ƙara nasa sinadaran kariya; waɗanda aka ba, wannan riba ba ta fito musu ba. A Norwe kuma a 2014 an bi matasa maza da mata tsawon mako 11 suna gudu, aka ga alamun ƙaruwar murahun tsoka sun dusashe a jikin masu shan ƙwayoyin. Gaskiya ita ce a wancan gwajin saurinsu bai ragu ba. Amma bai ƙaru fiye da na sauran ba. To me ka saya da kuɗinka? In ka haura miligram 1000 na bitamin C, fiye da rabi hanji ba ya ma tsotsa. Wanda ya rage a hanji shi ne ya sa yaron nan gudawa, rarar da ta shiga jini kuma ƙoda ta tace ta bi fitsari. A wurin maza, yawan shansa na ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda, mu kuwa a zafin Kano, da gumi da ƙarancin shan ruwa, ba ma neman ƙari. Bitamin E mai yawa shi kuma yana rage daskarewar jini.

Ban ce babu mai buƙatar ƙwaya ba. Akwai wanda gwaji zai nuna yana da ƙarancin wani abu, a rubuta masa na ɗan lokaci. An ma ga cewa bitamin C na rage wa masu gudun fanfalaki kamuwa da mura a kusa da gasa. Wannan daban, sha kullum ba tare da an duba ka ba daban.

Na ce wa yaron ya bar kantin magani ya nufi 'Yan Lemo da 'Yankaba. Gwaiba giram 100, wato kamar guda ɗaya babba, na ɗauke da bitamin C sama da miligram 200, ninki biyu na buƙatar yini. Lemun zaƙi mai nauyin haka na da kamar 50, gwanda ta ɗan fi haka. Tattasai ɗanye ya fi lemo. Garin 'ya'yan kuka da masu fura ke zubawa a nono shi ma yana da shi sosai, sai dai busasshen ganyen da muke miya da shi ya riga ya rasa mafi yawan nasa, duk da yana da sauran amfani. Bitamin E kuwa, miligram 15 ake so a rana, kuma gyaɗa da man gyaɗa suna bayarwa. Jan tumatir da kankana, ruwan ɗorawar karas da mangwaro da manja, jan zoɓo, duk launin nan sinadaran kariya ne iri-iri, waɗanda ba ƙwaya ɗaya da ta tattara su. Kuma abinci ba ya kawo su da yawan da zai toshe saƙon atisaye.

A ganina ba abin da ya dace da mai gudu a garin nan kamar kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a yanka tumatir da albasa, a matsa lemun tsami. Ga ganye, ga mai da ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadaran da sai da mai suke narkewa, ga furotin. Tsamin lemun kuma yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe daga ganye da wake, abin da masu dogon gudu ke yawan rasawa, musamman 'yan mata. Shayi akasin haka yake yi, don haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Iyayenmu mata kuma, don Allah a rage kanwa a miyar ganye, kada kuma a bar ta tana ɓararraka har ta yi baƙi. Kanwa da doguwar dahuwa suna kashe bitamin C. Zoɓo a rage masa sukari.

'Yan Kenya da ke lashe gasar duniya, abincinsu na yau da kullum tuwon masara ne da suke kira ugali, da ganye da wake da madara. Mai gudun da bai ƙoshi da tuwo ko shinkafa ko fura ba, ƙafarsa za ta yi nauyi ko da ya haɗiye kwalba guda.

Sai kuma tartsatsin da ba shi da wata riba. Sigari da shisha suna cinye bitamin C na jiki, har an ƙara wa mai shan taba miligram 35 a kan buƙatar yini. Hayaƙin adaidaita sahu da ƙurar hunturu suna shiga huhun mai gudu fiye da na mai tafiya, don shi numfashinsa mai zurfi ne, saboda haka a fito kafin titi ya cika, ko a koma cikin fili. Gudu mai tsanani kullum ba hutu, ga barcin awa huɗu, shi ke sa tartsatsin ya fi ƙarfin masu kashe shi. A bar kwana ɗaya ko biyu a mako. Da azumi a mai da gudu mai nauyi bayan shan ruwa, a sa 'ya'yan itace a buɗa-baki da sahur.

Garin gwangwanin nan na riƙe shi ban mayar wa yaron ba, don irinsa akan samu an cakuɗa masa sinadaran da ke sa a dakatar da ɗan wasa in an gwada fitsarinsa. Cikinsa ya lafa bayan kwana biyu da daina shan ƙwayar. Na kuma gaya masa abin da nake gaya wa kowane mai gudu a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40: in bayan atisaye fitsari ya koma launin baƙin shayi, ga ciwon tsoka mai tsanani ko kumburi, tsoka ce ke narkewa tana barazana ga ƙoda. A taho asibiti a ranar, kada a tsaya gwada zoɓo ko bitamin.